Kujerar da Ta Ɗauke Ni Za Ta Ɗauki Kowa

Malama, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Kuma ki riƙe dariyarki sai kin kai ƙarshe.

Ni kafinta ne, shekarata arba'in da bakwai, ashirin da biyu daga ciki ina haɗa kujeru da gadaje. Nauyina kuwa, ranar da na hau sikelin asibiti sai da ma'aikaciyar ta ce in sauka in sake hawa, wai ko na'urar ce ta rikice. Ba ta rikice ba. Kilo ɗari da hamsin da huɗu ne cif.

To ga inda gizo ke saƙar: wannan nauyin shi ne tallata. Ina sabon buɗe shago wani mutum ya zo sayen kujera, yana ta ƙwanƙwasa ta yana taɓe baki. Raina ya ɓaci, na ja ta tsakiyar shago na faɗa kanta gaba ɗaya, har da ɗaga ƙafafu. Ko ƙara ba ta yi ba. Ya sayi shida. Daga ranar abin ya zama doka, ba kujerar da ke fita daga shagona sai na zauna a kanta a gaban mai ita, na jijjiga hagu da dama. Hatimi mutanen layinmu ke kirana, wai in na zauna an buga. Akwai matar da ta sa aka sauko da gado daga kan mota don ta tuna ban hau ba. Maƙwabcina, shi ma kafinta ne, siriri kamar sandar awo, ya taɓa roƙona in zo in zauna masa a kan nasa. Na ƙi, don na san aikinsa, kuma ina son ƙashin bayana.

Amma jiki magayi. Gwiwoyina sun fi tsohon ƙyaure ƙara. Ƙusa in ta faɗi ƙasa sai dai in bi ta da kallo, har na ɗaura maganaɗisu a zare ina kamo ta kamar mai kamun kifi. Ga hawan jini, ga suga ya fara leƙowa. Na yi ƙoƙarin rage ci sau uku. Kilo goma su tafi, su dawo mini da 'yan'uwansu.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai likita. Wata biyu da suka wuce, da rana tsaka, ina tura katako cikin injin zarto, gyangyaɗi ya ɗebe ni a tsaye. Na farka na ga katakon ya ƙare, babban yatsana saura ƙiris ya kai haƙoran injin. Na kashe shi na zauna. Allah ya rufa asiri ba wanda ya gani. Jim kaɗan sai ga matata ta shigo da kwanon abincin rana, na wayance na ce zafi ne ya dame ni.

Likita ya ce numfashina ne ke yankewa cikin barci, shi ya sa barcin ke bi na bashi da rana. Ya kawo shawarar tiyatar rage ƙiba, a rage mini girman tumbi ta yadda ɗan abinci kaɗan zai ƙosar da ni. Malama, tsoro nake ji. Ni ma mai yanka ne, na san katako in an yanke ba ya komawa.

Mahaifiyata ta ce sam. Wai ƙiba gadon gidanmu ce, kuma in na rame za a ce ciwo nake ɓoyewa, ko surukarta ce ba ta ba ni abinci. Ita kuwa matata ta ce jikina ne, duk abin da na zaɓa tana bayana. Sai dai ta ɓullo da wani sabon hali. Kullum yara na tafiya makaranta sai ta kwaso saƙarta ta zo ta zauna a bencin bakin shago, wai gida ya yi mata shiru. Kuma da na kunna injin zarto sai ta hau tari, kamar mai neman a ji ta a ƙarshen layi. Na ce ƙurar katako ce, ta koma gida, ta ƙi. Na sayo mata takunkumi, ta cikinsa ma tarin take yi. Ki haɗa mini da dabarar sallamarta cikin ruwan sanyi.

Babbar tambayata dai ita ce, in na koma kamar maƙwabcina, wa zai yarda da kujerata? Ni ban san kaina ba sai da wannan jikin.

Naki,
Hatimi mai gwada kujera

AMSA

Ɗan'uwana Hatimi,

Na yi dariyar da ka hana ni, musamman a kan kamun ƙusa. Da na kai kan injin zarto kuwa, ta tsaya.

Bari mu fara da mai sauƙi. Kujerarka ba mazaunanka ne suka ba ta ƙarfi ba, hannunka ne. Shaida kawai kake bayarwa, kuma shaida ana iya samo wani. Buhun siminti uku kusan nauyinka ne, ba sa hawan jini, ba sa gyangyaɗi. Ka rubuta Hatimi a jikinsu, ka riƙa ɗora su a gaban mai saye. Za a yi dariya, za kuma a saya.

Batun tiyata, ni ba likita ba ce, kuma ba zan yanke maka hukunci ba. Tsoronka yana kan hanya. Aiki ne na gaske mai haɗarinsa, kuma wuƙar ba ita ce ƙarshen labari ba. Akwai makonnin abinci mai ruwa-ruwa, da lokacin da ba ka ɗaga katako mai nauyi, da ƙwayoyin ƙarin sinadarai da wataƙila za ka riƙa sha har tsufa. Wanda bai gyara cinsa ba, ƙibar na iya lallaɓowa ta dawo. Amma zama yadda kake shi ma zaɓi ne mai haɗari, ka kuma ga haƙoransa da idonka. Mutane da yawa masu irin nauyinka sun ga sauƙin suga da numfashi bayan aikin.

Ka koma wurin likitan da tambayoyinka a rubuce: wane irin aiki, sau nawa ya yi shi, me ke iya faruwa, wa zai riƙa duba ka bayan an sallame ka. Ka nemi ra'ayin likita na biyu, ka kuma zauna da wanda aka yi wa aikin shekara biyu ko uku baya. Ka tambaya ko akwai abin da za a yi wa numfashinka tun yanzu, don wannan ba zai jira ka gama tunani ba. Kafin nan, yankan injin ka ba maƙwabcinka. Haɗa kujera ne bai iya ba, ba tura katako ba.

Mahaifiya kuwa, maganar mutane take tsoro saboda ba ta san abin da ya fi ta ban tsoro ba. Ka gaya mata labarin yatsan nan. Uwa ta fi son siririn ɗa mai yatsu goma.

Sai dabarar da ka roƙa ta sallamar matarka. Ba zan ba ka ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka lissafa, yaushe gida ya fara yi mata shiru? Ka ce ba wanda ya gan ka ran nan, amma ni ina zaton mai kwanon abinci ta riga ka sanin saura nawa yatsan ya kai. Ta yi shiru don kada ka ji kunya, ta bar ɗakinta ta zo tana shaƙar ƙura wata biyu. Wannan tarin ba na ƙura ba ne, kai take tashi daga barci.

Yau ka kashe injin, ka zauna kusa da ita a bencin, na san zai ɗauke ku ku biyu. Ka gaya mata abin da ta riga ta sani, ku tafi wurin likita tare. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya ba ka lafiya, ita kuma ya hutar da maƙogwaronta.