Farantan Japan ne, amma na bari aka ce Rabi ta musanya

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a bi ni a hankali, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina Dubai ina yi wa wata Hajiya ta Kano sayayya. Ita ta yi min biza, a hannunta nake ci. Da za ta aurar da autarta ta ce in nemo farantan tangaran masu shuɗi da fari na jere, ta ja min kunne: "Na Japan nake so, kar ki kuskura ki kawo min na China." Kun san mutanenmu, Japan asali, China jabu, ko za ka shekara kana bayani. Na sha yawo a kasuwar Al Sabkha har na samu wajen wani dattijo, tsofaffi masu kyau, sai dai zanen irin na China ne, gada da tsuntsaye da 'yan mutane riƙe da laima. Da ya ga na yi turus ya yi dariya ya ce, "Habibti, na Japan ne. Tun zamanin da can, su suka kwaikwayi zanen China suna sayar wa Turawa." Na saya, na liƙe kwalin na ba Rabi, 'yar Maraɗi da muke ɗaki ɗaya a Hor Al Anz, don sana'arta ke nan, kai wa mutane kaya gida.

Ranar jere ƙawayen Hajiya suka ga zanen suka hau ƙus-ƙus. Ta kira ni tana huci: "Na Japan kika saya ko?" Na ce eh. Ta ce, "To yarinyar nan ta musanya min a hanya." Me ya hana ni cewa su ne dai na saya? Tsoro ne. Wa zai gamsar da Hajiya a gaban ƙawayenta cewa Japan ce ta kwaikwayi China? Cewa za ta yi na cuce ta, ga bizata ta kusa ƙarewa. Sai kawai na ji na ce, "Allah ya kyauta." Da Rabi ta zo min da kuka tana rantsuwa ko buɗe kwalin ba ta yi ba, wallahi ba kunya na ce mata ƙila a filin jirgi aka yi.

Yanzu magana ta zaga, ko kwalbar turare ba mai ba Rabi ta kai, ga shi kwano ɗaya muke ci. Ɗazu tana haɗa akwati za ta koma gida gaba ɗaya, ta riƙe hannuna ta ce, "Ma sœur, 'yar'uwata, ke kaɗai ba ki taɓa zargina ba. Ki kira Hajiya ki faɗa mata halina, ke za ta saurara." Na ce bari wayata ta yi caji. In na faɗi gaskiya na zama maƙaryaciya a wajensu su biyun, kuma ba ni da inda zan nufa. In na yi shiru ta tafi da sunan ɓarauniya.

Wayar ta cika, Rabi na zaune kan akwatinta tana jirana. Jama'a, ni kam me zan yi?