Takardunki na Kan Tebur

Auta,

Na fita wurin aiki, motar yashi ba ta jiran kowa, ke kuma kina barci. Na yi miki ɓarna, gara ki ji daga bakina.

Kin san ƙananan takardun nan da kika jera a kan tebur, na darussan da za ki fara a jami'a, Litinin zuwa Juma'a. Na duba na ga duk ramuka: darasi ƙarfe takwas, sai fili, sai wani can ƙarfe biyu. Shekara talatin ina gini, ban taɓa barin rami a tsakiyar bango ba. Sai na matso da su, na cushe komai a Litinin da Talata don ki huta sauran kwanakin.

Babarki ta fito ta ce, "Malam, wa ya aike ka? Makaranta ce ke yanka lokacin! Kwana uku yarinyar nan tana fama don kada biyu su yi karo."

To ni ina na sani? Na gwada mayarwa, abin ya gagara. Rabinsu sunansu ɗaya, lamba ce kawai daban. Mene ne 101, mene ne 103? Wanne ne gaba da wani? Guda ɗaya ma na rasa inda take shiga, tana ƙarƙashin kofi.

Ta ce yau sha biyun rana ake rufe rajista. Kada ki tura yadda na bar su, ki sake bi ɗaya bayan ɗaya.

Ki yi haƙuri. In faɗa za ki yi, ki bari sai kin tura.

Babanki