Ƙashin Kunnen da Na Liƙa

Litinin, 3 ga Maris
An kawo ƙoƙon kan jaririn dinoso, dabbobin zamanin dā da suka ƙare, irin masu dogon wuyan nan. Manyansu sun fi tirela, shi kuwa kansa bai cika tafin hannuna ba. Aikina in sassaƙe dutsen da ya lulluɓe ƙashin da allura. Dakta, mai binciken, ta ce, "Baba, a hankali. Ramin ƙwaƙwalwa da kunnen ciki nake so, kuma shi kaɗai gare mu." Wai ni ake ce wa a hankali, shekara ashirin da shida a kan teburin nan.

Laraba, 5 ga Maris
Hannun dama ya sake rawa. Na cusa shi a aljihu har Dakta ta fita.

Juma'a, 7 ga Maris
Allura ta zame. Ƙashin kunnen, siriri kamar ɓawon ƙwai, ya ɓalle. Na ɗauko shi da bakin buroshi, na liƙa da gam. Ƙa'idarmu, duk abin da ka liƙa sai ka rubuta a katin ƙashin. Ban rubuta ba. Ranar da suka san zancen hannun nan, sai gida.

Talata, 18 ga Maris
Hoton na'ura ya fito. Dakta ta kira ni gaban kwamfuta, bakinta har kunne. Ga ƙwaƙwalwa 'yar mitsitsiya, ga kunne a karkace. A cewarta, karkatar kunne ke nuna yadda dabba ke riƙe kai, wannan kuwa ya saɓa da na manya. "Baba, ba wanda ya taɓa ganin haka." Karkatar nan aikina ce.

Alhamis, 20 ga Maris
Ta fara rubuta rahoto, har da sunana a wajen godiya. Shekara huɗu baiwar Allahn nan tana jiran abin da za a san ta da shi. Idan wasu suka gano gam ɗin, ita za a yi wa dariya, ba ni ba. Kunya nake ji, abinci ya ƙi shiga. Uwar yara ta tambaya, na ce ciwon kai.

Litinin, 24 ga Maris
Na cike katin, na sa kwanan ranar da abin ya faru. Rubutun duk ya fito a karkace. Na miƙa wa Dakta, ta karanta sau biyu, ta rufe kwamfutar. Ta kalli rubutun, sannan ta kalli hannuna. Yana ta rawa a kan tebur. Ban sa shi a aljihu ba.