Rodin da Ka Ɗaura wa Injinmu

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ƙani ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Hajiyarmu lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Shagonmu na Dutse Alhaji yana nan, injin sassaƙan da muka haɗa da hannunmu, mai karɓar umarni daga kwamfuta, shi ma yana nan. Saboda shi nake rubuto maka, domin na taɓa shi, kuma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ka tuna musun da muka sha a kan abin da zai riƙa jan kan injin gaba da baya. Ni na ce bel mai haƙora, kai ka ce dogon rodi mai zare da noti. Ka dube ni ka ce, "Bel ai na injin markaɗe ne, Oga Injiniya." Ka je kasuwar Dei-Dei ka ɗauko rodin a kan acaɓa, kana riƙe da shi a kafaɗa. Notin ma kai ka gyara shi da tagulla, har ya yanke ka a babban yatsa.

Ni da kai mun san rodin nan bai miƙe ba. Idan ya yi gudu sai ya kama rawa, teburin duka ya ɗauka. Noti kuma yana da wasa, duk da'irar da muka yanka sai ta fito kamar ƙwai. Ka ce za ka gyara bayan Sallah. Ba ka kai Sallar ba.

Tun daga nan ban yarda kowa ya taɓa shi ba. Bulus mai walda, maƙwabcinmu, ya yi ta fama da ni in canza, ina ce masa sai na yi shawara. Da wa zan yi shawarar, Yaya?

Juma'ar da ta wuce na je ziyararka, na kasa gane kabarinka. Damina ta wanke fentin allon sunanka, sababbin kaburbura sun cika layin. Na yi ta zagaye ina karanta sunayen mutane, sai mai gadi ne ya nuna min. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na dawo na ce zan sassaƙa sunanka a farantin roba mai kauri, wanda ruwa ba zai goge ba. Na kunna inji. Harafin farko ya karkace, na biyu ya hau kan na uku. Na sake, na rage gudu, na matse noti, duk a banza. Sunanka ya fito kamar rubutun mai zazzaɓi.

Na yi tunanin sayen wani rodi mai ƙwallaye da ake odarsa daga waje, amma kafin ya iso ƙila na sake ɓatar da kai. Sai na sayo bel.

Da hannuna na kwance rodinka. Da na zo kan notin tagulla, sai da na zauna a ƙasa. Shi ne aiki na ƙarshe da ka yi a shagon nan, ni kuma na cire shi da sifana ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne, da injin ya tashi ya tafi sumul, na ji daɗi. Har murmushi na yi, Yaya, irin na wanda ya ci musu, alhali abokin musun ba ya nan balle ya rama.

Rodin na shafe shi da giris, na naɗe a buhu, yana bayan ƙofa. Sabon allon kuma na sassaƙa shi, na kafa shi jiya da safe. Daga bakin hanya ana iya karantawa, ba zan ƙara tambayar mai gadi ba.

Ka yafe min, bel ɗin markaɗe ne ya rubuta sunanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a Aljanna, can ka rama musunka.

Ƙaninka da ba ya jin magana,
Nasiru