Sarautar Da Aka Hana Pele

Savai'i,
Ranar Litinin.

Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya sanyin Auckland, yaya ƙafar taki? Kaka tana gaishe ki.

Inna, raina a ɓace yake. Jiya bayan coci dangi suka zauna kan sarautar gida da Baba ya mutu ya bari. Kin san ba a barin kowa takarar majalisa sai mai sarauta, kuma yayata Pele, da ke son tsayawa takarar, ta daɗe tana jiran wannan rana. Wa ya yi jinyar Baba? Wa ke yi wa Kaka wanka? Wa ya yi ta sintiri zuwa Apia, babban birni, har aka gyara famfon ƙauye? Pele.

Sai Baffa Malaki, da ke so wa ɗansa Iakopo sarautar, ya gyara zama ya ce, "Pele ai tamu ce, muna sonta. Amma wanda aka haifa namiji, yake yawo da fure a kunne, ya je majalisa ya ce musu me? Tashi ki duba gwaza, 'yar nan, kada ta ƙone."

Aka kwashe da dariya. Ita kuwa ta tashi, ta kawo abinci, ta zauna tana kore musu ƙuda. Wannan ya fi ƙona ni.

Na miƙe. A tsaye fa, Inna, a gaban manya! Na ce, "Baffa, sarauta ba ta tabbata sai duk mai jini ya yarda. To ni ban yarda ba. Iakopon da ko kwakwa bai iya ɓarewa ba?"

Baffa ya ce, "Zauna, mara kunya, karatun tsofaffin jaridu ya haukata ka!" Ban zauna ba. Taro ya watse, ba a naɗa kowa ba.

A madafa Pele ta ce, "Wawa, ka ja mana." Sannan ta tura min kan kifin da ta ɓoye wa Baffa.

Baffa ya ce zai kira ki, ki sa in janye. Shi ya sa na rubuto. Ke kika fara ɗaura wa Pele zanenki tana ƙarama, kika ce ta yi kyau. Idan ƙarya kika yi mata, ki faɗa mata da bakinki. Ni dai ba zan janye ba.

Ki gaida mutan gida. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Tanielu