Sabon Gilashi, Tsohon Ido

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai yawa daga yayarka, da addu'ar takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwar 'yan biyu da yaran gaba ɗaya. Allah ya sauwaƙe maka ciwon bayan da kake kuka da shi, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan alhamdu lillahi. Babbar Yaya tana nan yadda ka bar ta, ƙafar dai ba ta tashi ba, amma bakin nan nata ras yake, shekaranjiya ma sai da ta yi wa mai jinyarta tatas a kan gishiri. Kullum sai ta tambaye ni ko ka yi ƙiba, ni kuma in ce mata a hoto dai kumatu sun fito. Gidana kuwa shiru, daga ni sai agogon falo, sai kyanwar maƙwabta da ke zuwa shan rana a kan mota.

Na san za ka yi mamakin takarda alhali ga waya. A waya ba na iya faɗa maka komai, da ka tambaye ni lafiya sai bakina ya riga ni ya ce lafiya lau. Kuma tunda kai ke biyan inshorar motar nan, na san kamfanin ya aiko maka da saƙon cewa an gama aiki an rufe fayil. Su a wajensu an gama. Ni a wajena akwai sauran magana, kuma gara ka ji ta daga bakina. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan kamar na 'yar aji ɗaya, in ka kai ƙarshe za ka gane dalilinsu.

Ka tuna rigimar da na yi maka shekara uku da suka wuce da ka sayo mini motar nan? Na ce ni da na yi shekara talatin da huɗu a kan sitiyari, ni da na koya maka tuƙi kana kashe mini mota a tsakiyar titi, ba na bukatar wata kyamara a bayan madubi tana leƙen asirina. Ka ce don hankalinka ya kwanta ne. To, na sa wa motar suna 'Yar Tsegumi. In tayata ta taɓa layi sai ta yi ƙara, in na matsa kusa da na gaba sai ta yi ƙara, ni kuma in ce mata ta rufa mini baki. Amma ba zan ɓoye maka ba, tun rasuwar maigidana Malam ita kaɗai ce nake yi wa magana ta mayar mini. Kullum ƙarfe sha ɗaya muke fita ni da ita da kular abinci, mu tafi wajen Yaya, don ka san ba ta karɓar cokali daga hannun kowa sai nawa. In na isa ƙofa in danna hon sau biyu, ita kuma ta fara faɗa tun daga ɗaki cewa na makara.

Wata biyu ke nan, ina bin bayan wata tipa ta ɗauko tsakuwa, sai na ji tas a gilashin gaba. Ɗan tabo ne kusa da madubi, kafin kwana uku ya ja tsaga har tsakiya. Wallahi Auta, har daɗi na ji. Kusan shekara guda ina fama da gilashin nan, ya yi wani dishi-dishi, musamman ta gefe da gefe. Na wanke shi da sabulu, na canza robar waifa, na yi wa mai wankin mota faɗa har ya daina gaishe ni da fara'a. Sai na ce madalla, ga dalili ya samu, inshora za ta ba ni sabo fes in huta.

Ashe inshora ba a shiga mata da gaggawa. Ka kira, a ce ka danna ɗaya, ka danna uku, a sa maka kiɗa har kunnenka ya yi zafi. Daga ƙarshe na samu wata yarinya mai sanyin murya, ta ce in ɗauki hoton tsagar ta ciki da ta waje, da lambar mota, in faɗi rana da wurin da abin ya faru. Sau huɗu muna magana da ita, har na san mahaifiyarta na fama da ciwon gwiwa. Abin kunya, ranar da zan kira ta har shiri nake yi, in zauna da shayina, don a makon nan kaf babu wanda na yi doguwar hira da shi kamarta. Suka turo wani mai dubawa da ɗan ma'auninsa, ya auna tsagar, ya ce ba ta gyaruwa sai canji. Sai kuma aka ce sun yarda da gilashi, amma saita kyamara wata takarda ce daban, sai an sake neman izini. Mai gilashi ya yi mini bayani cewa kyamarar a jikin gilashin take manne, in aka canza shi ta goce ko da kaurin gashi ne, sai ta riƙa ganin layi inda babu layi, don haka dole a kai ta wani wuri mai na'ura a sake daidaita mata ido. A ƙasan fom ɗin akwai wurin ƙarin bayani. Ni kuwa da hannuna na rubuta cewa dama can kyamarar tana da matsala, sau uku tana taka mini burki haka kawai babu komai a gabana, a haɗa a gyara.

Aka sa sabon gilashi, aka manna masa shuɗin tef a gefe, aka ce kada in buga ƙofa da ƙarfi sai gam ya kama. Mai gilashi ya nuna mini wata fitila ruwan ɗorawa a gaban sitiyari, ya ce kyamara a kashe take har sai an saita ta, amma zan iya tuƙi kamar yadda ake yi a da. Na yi dariya, na ce masa tun ba a haife shi ba nake tuƙi ba kyamara. Na shiga, na fito titi, sai ga dishi-dishin nan yana nan daram. Ai kuwa na yi kwana na koma. Ka san muryar da nake tsayar da ɗalibai ɗari biyar da ita a filin makaranta, ita na ɗauko masa. Na ce shi da inshora sun haɗa baki sun sa mini na arha. Bawan Allah ya goge gilashin ciki da waje, ya shiga ya zauna, ya fito ya ce cikin ladabi shi dai garau yake gani. Na ce ai dole ya ce haka. Da na isa gida na kira yarinyar nan na shigar da ƙorafi.

Kwana tara aka yi kafin izini ya fito. Motar ta yi gum, ba ƙara ba tsegumi, sai na ji kamar na ɗauko baƙuwa. A rana ta huɗu, a kwanar kantin magani, daf da layin su Yaya, na karya sitiyari zuwa dama sai na ji ƙarar gogar ƙarfe. Na tsaya na fito, sai ga mutum a ƙasa da kekensa, kiret-kiret na ƙwai sun tarwatse a kwalta. Allah ya tsare, gwiwar hannu kawai ya kurje. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi tun daga danja yake gefena yana kaɗa ƙararrawa, ya tambaye ni ko ban gan shi ba ne. Na ce daga ina ya ɓullo. Na biya shi ƙwansa, na kai shi aka wanke masa ciwon. Ranar sau biyu ina zubar da abincin daga cokali, Yaya ta ce ko yunwa nake ji ne in ci nata. Ban faɗa mata ba. Na ajiye motar na koma hawa bas, amma a zuciyata har lokacin gilashin nake zagi.

Da izini ya fito na lallaɓa da ita wurin saiti. Wurin ba kamar garejin da ka sani ba ne, ƙasa a share tas kamar asibiti, ko ɗigon baƙin mai babu. Mai saitin dattijo ne mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana. Ya gwada iskar tayoyi, ya sa aka fitar da duk tarkacen but, ya ce nauyi kan karkatar da mota. Ya ja tef ya auna, ya kafa wani allo mai zanen baƙi da fari a gabanta, ya jona kwamfutarsa. Na tuna masa ƙorafina na burki. Ya daɗe yana duba kwamfutar, sannan ya ce shi bai ga alamar kyamarar nan ta taɓa samun matsala ba, in ta taka burki to wani abu ta gani. Na ce babu komai, ni ce a ciki ai. Bai yi musu da ni ba.

Da ya gama, ina zaune a kujerar direba ina kallon allon nan ina ƙoƙarin gane zanensa, sai na ji gyaran murya. Ashe yana tsaye a gefen motar, ya miƙo mini takardar da zan sa hannu, ya ce ya ɗan jima a haka. Ban gan shi ba, Auta. Mutum guda, da rana tsaka, taku ɗaya tsakaninmu. Sai ya roƙe ni in ci gaba da kallon allon, ya koma baya ya riƙa tahowa a hankali, ya ce in faɗa masa in na gan shi. Sai da ya kusa zuwa gaban fitilar mota sannan ya shigo idona. Ya ce mahaifiyarsa ma haka ta yi, ya ce don Allah in je wajen likitan ido kafin in sake kama sitiyari. Shi ya tuƙo ni gida da kansa, ni ina kujerar gefe kamar kaya.

A hanyar nan ne na tuna wuraren burkin nan uku. Ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a mashigar asibiti, ɗaya a ƙofar wata firamare lokacin tashi. Na ƙarshen nan ne ya fi tsaya mini a rai. Ni da na yi shekara talatin ina tsayawa a bakin titi ina tsallakar da 'ya'yan mutane. Ranar har dukan sitiyari na yi ina ce wa motar matsoraciya. Ban san ɗan wa ta gani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Allah ya raya shi.

Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar ta gefe a hankali ba ciwo. Ya ba ni maganin ɗigawa safe da yamma don a tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Tuƙi kuwa ya ce in yi masa sallama. Na koma wajen mai gilashi na ba shi haƙuri a gaban ma'aikatansa, tunda a gabansu na ci masa mutunci. Na kira yarinyar inshora na janye ƙorafina. Ta ce to an rufe fayil, ta tambaye ni ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi. Saura kaɗan in ce ta ɗan ƙara zama a kan layin. Na dai ce ta gaida mahaifiyarta.

Yanzu bas biyu nake hawa, sai sha biyu da rabi nake isa, abincin ya huce. Yaya har yau ta ɗauka motar tana wajen gyara. Jiya ta ce mini ita fa ba abincin ne ya dame ta ba, hon ɗin nan biyu take jira, tun ƙarfe sha ɗaya take sa a kashe mata rediyo don kada ya wuce ba ta ji ba. Na rasa bakin da zan faɗa mata. Don Allah ka kira ta ranar da na san ina wajenta, mu faɗa mata tare, ni kaɗai ba zan iya ba.

Ka sa a cire sunana daga takardar inshora a matsayin mai tuƙi. Amma kada ka yi maganar sayar da motar tukuna, kuma kada ka ɗauko mini direba ban sani ba, na san halinka. Kowace safiya nakan kore kyanwar, in shiga motar in zauna in tayar da ita. Fitilar nan ruwan ɗorawa ta mutu, komai nata daidai yake. Nakan bar ta ta ɗan yi ɗumi, in ba ta haƙuri, in kashe.

Ka gaida mini uwar 'yan biyu ƙwarai, ka ce na ga mayafin, na gode. Ka gaida 'yan biyu, da takwarata sarkin surutu, da ɗan autanku da ban taɓa ɗauka ba. Dukkanku ku je a duba muku ido, likita ya ce abin yana bin jini. In Allah ya kawo ka, abu ɗaya nake so. Ka ɗauke ni ƙarfe sha ɗaya, ka bi da ni hanyar gidan Yaya a hankali, ka riƙa faɗa mini abin da ke gefen titi. In mun isa ƙofa, ka bar ni in miƙa hannu in danna hon ɗin da kaina.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka da ta goye ka,
Malama