Naman da Aka Ɗura wa Sosiyas

Zuwa ga yayana Diyokilis a tsibirin Samos,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon alloli su ƙara maka lafiya, su tsare jirginka daga sharrin teku. Inna tana nan da sauƙi, zaitun ma ya yi albarka bana. Amma gidana ba lafiya.

Ranar bikin gari aka kawo bijimin yanka gaban bagadi. Da ya yi kuka, sai maigidana Sosiyas ya kutsa cikin taro ya rungume wuyansa, yana rantsuwa muryar ɗanmu Likon ce, wanda teku ta ci bara. Ya ce ran yaron ne ya koma jikin dabbar. Ka san mutanenmu, sun daɗe suna jin haushin masu ƙin cin nama irin su Sosiyas, don a ganinsu wanda ya ƙi naman hadaya ya raina gari. Mahauci Garilos ya kwaɗa masa ƙotar gatari a baki, haƙora uku suka zube. Suka danne shi yana kallo aka yanka bijimin, jinin ya wanke masa fuska. Sannan suka buɗe bakinsa da sanda suka ɗura masa ɗanyen nama, Garilos yana dariya yana cewa ya ɗanɗana ya ji ko yaron ya yi kitse. Na ciji hannun wani har ƙashi, ni ma aka fasa mini goshi. Ban yi nadama ba.

Yau kwana tara ko kunun sha'ir bai sha ba. Ya ce cikin da ya haɗiyi ɗansa bai cancanci abinci ba. Na yi lallashi, na yi zagi, har malamin makarantarsu ya zo ya yi magana, duk a banza. Tsoro nake ji, Yaya, kuma haushinka nake ji. Wanda ya ɗora wa mutum kaya shi ya san yadda za a sauke. Kai ka kai shi makarantar nan ta masu ƙin cin nama, kai ka koya masa cewa jiki kabari ne da aka rufe rai a ciki. Maganarka kaɗai yake ji. Ka shigo jirgin farko ka ce masa ya ci, in kuwa ka makara, kai za ka haƙa masa kabari na gaske.

Ka gaida Timariti da yara, da Gwaggo Mirtis.

Ƙanwarka,
Melanta